Malam Edita, lambun bayan ɗaki ma yana buƙatar malamin gona

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya kuma wannan zafi da ake ta fama dashi, Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Dan Allah ka bani ɗan fili in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana cina a rai. Ni mai bibiyar shafinku na noma ce, kuma gaskia kuna ƙoƙari, amma kullum maganar taki ce da tarakta da bashin manoma da masu hekta goma hekta ashirin na shinkafa da masara, mu da muke da buhu goma buhu ashirin a bayan ɗaki ko gindin katanga babu mai tunawa damu, alhalin tun da kayan miya suka yi tashin gwauron zabi a layinmu kaɗai zan ƙirga maka gida bakwai da aka jera buhunan alayyafo da kuɓewa a tsakar gida, kuma yawanci mata ne ke yi, matan da basa fita balle su haɗu da malamin gona, duk abinda maƙwabciya tace ko mai talla yace shi ake yi. Toh anan matsalar take, musamman wajen maganin ƙwari.

Ni shekarata shida ina wannan ɗan lambu. Buhunan siminti ne da na shinkafa da tsofaffin bokitai da suka fashe, sai tayar mota guda biyu da nake na'a-na'a da ɗoɗɗoya a ciki. Ruwa siya muke a wajen 'yan ga-ruwa, dan haka ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya ba'a zubar min dashi a kwata, yara ma sun sani, bokiti guda na ajiye musamman. Kwanaki 'yata ta nuna min bidiyon wata Baturiya a Ingila tana cewa watan Maris da Afrilu shine lokacin shuka latas da kabeji da tumatir, tace Umma mu ma mu shuka mana, nace mata wannan lissafin ƙasarsu ne, su lokacin suke fitowa daga sanyin ƙanƙara ƙasa ta fara ɗumi, mu kuma lokacin ne rana ke tsakiyar ka zafi ya kai maki 40, in kika shuka tumatir yanzu zai yi fure furen ya zube ko ɗa ɗaya bazai ɗaura ba, latas kuma ya yi ɗaci ya zarce sama. Namu lokacin tumatir da latas da karas da kabeji sanyin hunturu ne, daga Oktoba zuwa Disamba ake zuba iri. A bazara abinda ke jure mana shine alayyafo da kuɓewa da rama da yakuwa da lalo, sai zogale da shi dama baya laifi. Alayyafo sati uku zuwa huɗu ka fara yanka, kuɓewa wajen wata biyu ta fara ɗa, in ka shuka a Afrilu kafin ruwa ya sauka sosai kana cin naka lokacin da kayan miya suka fi tsada a kasuwar Yankaba.

Sai dai kuma a bazara ko'ina ya bushe, ɗan koren da ke tsakar gidanka shi kaɗai ne kore a unguwar, dan haka duk wani mai baki nan zai nufo. Ƙadangare shine na farko, da tsiro ya fito da ganye biyu zai bi layi ya tsinke, gyare ya zo da dare ya datse daga gindi da safe ka tarar a kwance kamar an sa reza, ga fara, ga kaji in maƙwabta na sakinsu. Waɗannan ana ganinsu da ido. Waɗanda suka fi ɓarna sune ƙananan da ke ɓuya a bayan ganye, darɓa da ke taruwa a kan tohon kuɓewa ta tsotse shi har ya nannaɗe ya yi danƙo, da ɗan farin ƙudan nan da in ka girgiza shuka zai tashi buuu kamar toka, shine ma ke kawo cutar da ke sa ganyen tumatir da kuɓewa ya murɗe ya yi rawaya, da wani jan abu ƙarami kamar ƙwayar garin barkono mai saƙa yana kamar gizo-gizo wanda shi zafi da ƙura sune abincinsa. Yawancin mata basa juya ganye su duba, sai sun ga shuka ta yi yaushi su ce ai rana ce, su ƙara ruwa, alhalin ana can ƙasan ganye ana shanye ta.

Abinda ya sa na ɗauki waya nake rubuta maka wannan wasiƙa shine abinda ya faru a gidana shekara uku da suka wuce, wanda kuma satin da ya wuce naga maƙwabciyata tana shirin maimaitawa. Tsutsa ta kama min alayyafo, ganyen duk ya zama kamar rariya, sai ga wani mai talla yana yawo da kwando cike da 'yan kwalabe babu takarda babu suna, yace maganin ƙwari ne na gona sha yanzu magani yanzu, murfi biyu a bokiti. Na siya. Na zuba murfi uku dan ina ganin ƙwarin sun yi yawa, na yayyafa da tsintsiya da hannuna babu safa babu komai, ƙaramin ɗana yana gefena yana wasa da ƙasa. Washegari kuwa tsutsa duk ta zube a ƙasa, naji daɗi. Kwana biyu tsakani na yanki alayyafon na wanke nayi mana fate. Tun a tukunya naji wani ɗan wari kamar na kananzir amma nace ko daga risho ne. Da dare yaran biyu suka fara amai, ƙaramin yawu na ta zuba a bakinsa yana gumi jikinsa ya saki, wallahi Malam Edita har yau in na tuna daren nan sai gabana ya faɗi. Wata tsohuwa a gidan tace a ɗura masa manja da madara, Allah ya taimake mu babansu yaƙi, ya nemo adaidaita muka tafi asibiti, kuma abu na farko da ma'aikaciyar ta tambaya shine ina kwalbar, me aka rubuta a jiki, bani da amsa domin babu komai a jikinta. Ta kuma gaya mana da mun bashi manjan nan da mun ƙara masa wahala, dan yana iya shaƙarsa ya tafi huhu. Kwanansa biyu a gado. Garin neman gira na kusa rasa ido, akan alayyafon da bai fi na ɗari biyar ba.

Daga baya na gane abin nan dangin fiya-fiya ne, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa ta asali, shine mutane ke ɗurawa a ƙananan kwalabe suna sirkawa da kananzir ko wani abu suna yawo dashi. Wannan sinadarin ba abin wasa bane. Shine fa dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashensu tun 2015, saboda yawan da suka samu a cikin waken ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Amma ka shiga unguwa yau ka ga yadda ake yawo dashi, a ɗakin kwana a fesa, a buhun wake a zuba, a kan alayyafon da za'a ci jibi a yayyafa. Abinda yawancinmu bamu sani ba shine ko maganin gona na gaske mai rajista akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jikin takardarsa da dole a jira tsakanin feshi da girbi, wani kwana uku wani sati wani sati biyu, toh kuɓewa da ake tsinka duk bayan kwana biyu da alayyafon da ake yanka kullum ina suka ga wannan jira? Kuma rubutun da turanci ne ƙanana ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Manomin masara zai fesa ya tafi gida sai bayan wata biyu ya girbe, mu kuma gonar tamu tana taku biyar daga murhu, nan yara ke rarrafe, nan kaji ke kiwo, nan ake shanya.

Wani abin kuma, akwai ƙwarin da ko ka yi musu wanka da guba baza su mutu ba. Duk wanda ya san tumatir ya san Sharon, wadda jaridu ke cewa ebolar tumatir, sunanta na boko Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifaniya a 2006, daga nan ta tsallako Afirka har ta iso mana, kuma duk mun ga abinda tayi a 2016 lokacin da ta share gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci akan tumatir, kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsaya da aiki dan babu abin niƙawa, a 2024 ma ta sake dawowa muka koma miyar busasshen tumatir da karas. Uwar wata 'yar malam buɗe littafi ce mai ruwan toka da bata kai ƙwayar shinkafa biyu ba, da dare take yawo, guda ɗaya tana iya yin ƙwai sama da 200, tsutsar kuma da ta ƙyanƙyashe sai ta shige cikin naman ganyen ta tsakiya tana ci daga ciki, ka ga wani farin tabo a ganye kamar leda, in ka ɗaga shi a rana zaka hango ta a ciki da baƙin kashinta. Toh maganin da ka fesa a waje yaushe ya same ta? Ga shi kuma ta saba da magunguna da yawa saboda yawan fesa mata iri ɗaya. A lambun gida da baifi gindi goma ba, abinda nake yi shine duk safiya in bi in tsinke ganyen da ke da tabon nan in jefa a murhu, ba'a yar dashi a gindin shuka, da dare kuma in ajiye roba da ruwa da ɗan sabulu in ɗora 'yar fitila mai caji a kai, da safe in tarar da iyayen sun faɗa. In tumatir ya gama ɗa in tuge karan gaba ɗaya in ƙone, bana barinsa tsaye yana renon na baɗi.

Babban abinda nake dogara dashi yanzu shine darbejiya, dogon yaro, wanda babu layin da babu shi a Kano. Ganyen yana aiki amma ƙwallon ya fi ƙarfi sosai. Lokacin da 'ya'yan suka nuna suka yi rawaya suna zubowa sai in sa yara su tsinto min, mu wanke naman mu shanya a inuwa har ya bushe, in zuba a buhu ba a leda ba dan kar ya yi hunhuna, shi zan yi ta amfani dashi har shekara ta zagayo. In zan yi feshi sai in ɗebi kamar rabin kilo in daka a tsohon turmi da na ware dan haka, saboda ɗacinsa baya fita a turmin girki, in ɗaure garin a tsumma in jiƙa a ruwa lita goma ya kwana, da safe in matse tsumman sosai har ruwan ya yi fari fari kamar tsararon kunu, in tace, in narka ɗan sabulun salo kaɗan a ciki dan ya kama ganye. Bana fesawa da rana, sai bayan la'asar rana tayi sanyi, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa kuma yana iya ƙona ganye, kuma ƙasan ganyen nake bi ba samansa ba. Famfon feshin nawa gorar ruwa ce da na huda murfin da allura. Ba'a ajiye ragowar, ranar da aka haɗa ranar ake ƙararwa.

Zan faɗi gaskia akansa dan kar wata ta gwada tace an yaudare ta. Darbejiya baya zubar da ƙwaro nan take kamar fiya-fiya, abinda yake yi shine ya hana shi cin abinci ya hana shi girma da hayayyafa, sai bayan kwana uku huɗu zaka ga sun ragu, kuma sai ka maimaita duk sati, in ruwan sama ya wanke ka sake. In ka bari sai ƙwari sun gama mamaye shuka kafin ka fara, bazai ceto ta ba. Kuma alayyafon da aka fesa masa sai an wanke shi da kyau in ba haka ba zaka ji ɗaci a miya. Wasu na ƙara tafarnuwa da barkono a ciki, na gwada akan darɓa kuma naga amfaninsa, sai dai a kula da ido.

Sauran dabarun duk na hannu ne da ido. Ƙadangare da kaji da fara tsohon gidan sauro ne maganinsu, wanda ya yage aka daina kwana a ciki nake nufi, dan Allah kar a cire wanda yara ke kwana a ciki a rufa wa alayyafo. Gyare kuma in na dasa sabon tsiro sai in yanke gindin gorar roba in kifa masa kamar zobe in danna cikin ƙasa kaɗan har ya yi ƙwari. Darɓa in bata yi yawa ba ruwan sabulu kaɗai ya ishe ta, ko ka murje da yatsa, kuma duk inda ka ga kiyashi na hawa da sauka a jikin kuɓewa ka duba da kyau akwai darɓa a sama, zaƙin da take fitarwa suke sha suna kuma gadinta. Toka ina barbaɗawa a gindin buhu da kan ganye da sassafe lokacin da akwai ɗan laima, amma kaɗan, in ta yi yawa tana ɓata ƙasa. Taki kuma kar a zuba ɗanye, kashin kaji ko na awaki sai ya ruɓe ya huce tukunna, ɗanyen yana ƙona saiwa yana kuma jawo gara da gwazarma. In kuɓewa ta tsumbure taƙi girma duk da ruwa da taki, ka tuge ɗaya ka duba saiwar, in ka ga ta yi ƙulli ƙulli kamar carbi toh wata tsutsa ce a ƙasar da ido baya gani, babu feshin da zai yi, sai dai a juye ƙasar buhun a baza ta a ranar bazara ta gasu, kuma kar a maimaita kuɓewa ko tumatir a buhu ɗaya shekara biyu a jere.

Tun da na daina zuba guba naga wani abu da ban taɓa lura dashi ba. Zanzaro da ke ginin laka a kusurwar kicin ɗina, wanda da nake sa yara su farfasa gidansa, wata safiya ina ban ruwa na ganshi ya sauka akan alayyafo ya ɗauki koriyar tsutsa da ta kusa kai girmansa yana ja yana tashi da ƙyar har ya kai ta cikin ginin nan nasa ya liƙe da laka, ashe abincin 'ya'yansa kenan, kullum yana min aikin da nake biyan kuɗi in yi da guba. Haka ƙoƙi-ƙoƙi, haka ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo ɗigon baƙi a baya da ke cin darɓa, haka kwaɗon da ke kwana a ƙarƙashin buhu inda ke da sanyi. Fiya-fiya duk tare take kashe su, kuma masu ɓarnar sun fi saurin dawowa, shi ya sa wadda ta fara fesawa bata iya dainawa.

Ba ina cewa manomin Kadawa ko Kwanar Gafan mai kadada biyar ya bi ganye ɗaya ɗaya da hannu ba, shi lissafinsa daban, kuma ko a gida in abu ya gagara har sai an sayi magani, a je shagon kayan gona na gaske a sayi mai takarda da lambar NAFDAC, a sa wanda ya iya karatu ya duba kwana nawa ake jira kafin a ci, a bi ma'aunin da aka rubuta, a rufe hanci da hannu, a kawar da yara da dabbobi, kwalbar kuma kar a ɗauraye ta a zuba mai ko ruwa a ciki.

Roƙona Malam Edita shine ku ware mana ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata akan lambun gida, da Hausa mai sauƙi da hoton kowane ƙwaro da sunan da muke kiransa dashi. Muna da masana a kusa, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta wayar da kan manoma NAERLS a Samaru Zariya, ga hukumar bunƙasa noma ta jiha KNARDA anan Kano, ga reshen cibiyar bincike ta NIHORT a Bagauda da aikinsu kenan kayan lambu, ku je ku tambayo mana su, ku tambaye su ma'aunin darbejiya da gwangwanin madara da ludayi domin babu mai sikeli a kicin. Su ma hukumomin ina roƙonsu su turo malaman gona mata zuwa makarantun Islamiyya na matan aure da ake yi da safe da dare, nan ne za'a same mu a tare, minti ashirin bayan an tashi karatu ya isa a nuna wa mata hamsin yadda ake juya ganye a duba. Masu sayar da iri kuma su riƙa ƙulla mana ƙanana na ɗari biyu ɗari uku masu suna da kwanan wata, ba sai gwangwanin da ya ishi hekta ba.

Maƙwabciyar tawa dai na karɓe kwalbar daga hannunta na bata ƙwallon darbejiya gwangwani biyu daga cikin nawa, yau da la'asar zan shiga in nuna mata yadda ake matse tsumman. Saura gida biyar a layin da ban shiga ba tukunna.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku mai karatu,
daga Rijiyar Zaki, Kano